A Sawun Sarah Bernhardt, Daga Paris Zuwa Tsibirin Belle-Île

Faransanci nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, kuma ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar tana hannuna. Don haka da ƙanena mai aiki a Paris ya gayyace ni in je in ga iyalinsa a dogon hutu, tun kafin in ɗaure kaya na sanar da shi abin da ke raina. Akwai wata 'yar wasan kwaikwayo da na daɗe ina karanta labarinta, Sarah Bernhardt, wadda aka haifa a Paris a 1844, ta rasu a can a 1923. Shekara sittin ta yi tana hawa dandamali, kuma tana cikin manyan 'yan wasa na farko da suka yarda aka ɗauke su a fim, a zamanin da takwarorinta ke ganin silima abin 'yan talla ne da yara. So nake in taka wuraren da ta yi aiki, in gani da idona.

"To Yaya," in ji shi, "ni dai aiki ba zai bar ni ba, amma ga 'yarki nan, ta fi ni sanin gari." Haka babbar 'yarsa, wadda ke ajin ƙarshe a sakandare, ta zama 'yar rakiyata. Taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa tana cikin wayarta, labarin kuma yana bakina.

Mun fara da Petit Palais, gidan adana zane-zane na birnin, wanda shigarsa kyauta ce. A nan babban hotonta yake, wanda amininta Georges Clairin ya zana a 1876. Tana kishingiɗe a kan doguwar kujera cikin farar riga mai jan ƙasa, ga dogon kare kwance kusa da ƙafarta, ta zuba wa mai kallonta ido ba ko ƙiftawa. Yarinyar ta tsaya ta ce, "Gwaggo, wannan ai 'yar hutu ce." Ban ga laifinta ba, domin abin da hoton ke nunawa ke nan, kuma shi yawancin mutane suka riƙe game da Sarah: matar da ta ajiye akwatin gawa a ɗakinta har aka ɗauke ta hoto tana kwance a ciki, mai kiwon namun daji a gida, mai ɓarin kuɗi. Duk an yi. Ita da kanta ta riƙa iza wutar waɗannan labarai, don ta san su ke sayar da tikiti. Amma sai mutum ya bi ta gidajen wasan ɗaya bayan ɗaya yake ganin irin aikin da ke bayan wannan kishingiɗa.

Ba ta tashi cikin gata ba. Mahaifiyarta Bayahudiya ce daga Holan, mai zaman kanta a Paris, manyan masu kuɗi ke ɗaukar nauyinta, kuma yarinyar ba ta tashi a gaban uba ba. An kai ta raino wani ƙauye a yankin Bretagne, daga baya aka sa ta makarantar sistocin Katolika a Versailles, inda aka yi mata baftisma, har ta ƙwallafa rai a kan zama sista. Wani babba cikin masu zuwa gidan uwarta, Duc de Morny, ɗan'uwan sarki Napoleon na 3 ta wajen uwa, shi ya kawo shawarar a kai ta makarantar koyon wasa. Ranar gwajin shiga, maimakon ta yi wani yanki na wasa kamar sauran, sai ta karanto tatsuniyar tantabaru biyu ta La Fontaine, aka kuma ɗauke ta.

Daga Petit Palais muka gangara Comédie-Française, kusa da Louvre. Sarki Louis na 14 ne ya kafa ƙungiyar a 1680, kuma har yau babu gidan wasan da ya kai shi daraja a Faransa. A nan Sarah ta fara fitowa a 1862, tana da shekara 17, cikin wani wasa na Racine. Ba ta burge kowa ba. Fargabar dandamali ta kama ta, fargabar da ba ta sake ta ba har tsufa. Bayan 'yan watanni, a bikin tunawa da Molière, babban marubuci kuma ɗan wasan kwaikwayo na Faransa, a farkon 1863, ƙaramar ƙanwarta ta taka jelar rigar wata babbar 'yar wasa, matar ta hankaɗe yarinyar, Sarah ta ɗaga hannu ta sharara mata mari. Aka ce ta ba da haƙuri, ta ƙi, ta rasa aikin.

Muna tsaye a bakin ginin na ba 'yar tawa labarin da ya fi taɓa ni a tarihin wannan sana'a. A Faransa ta da, coci ba ta ɗaukar ɗan wasa cikakken mabiyinta sai ya tuba ya bar sana'ar. Molière kansa, da ya mutu a 1673, cikin dare aka binne shi, shi ma sai da sarki ya sa baki. Adrienne Lecouvreur, wadda babu kamarta a zamaninta, da ta mutu a 1730 an hana ta kabari a maƙabarta, aka ɗauki gawarta da dare aka turbuɗe a wani fili kusa da kogin Seine. Sai a ƙarshen 1789 doka ta ba 'yan wasa cikakken 'yancin ɗan ƙasa. Ko a zamanin Sarah, 'yar wasa a idon jama'a ba ta da nisa da karuwa, kuma albashin ƙananansu bai isa ya saya musu tufafin fitowa ba, don haka da yawa sai sun nemi mai ɗaukar nauyi. Na san wannan kallon sarai. Da wuya shekara ta wuce ba a samu uba ko kawu da ya zo makaranta ya ce a cire masa 'yarsa daga ƙungiyarmu ba, ko da wasan a kan tsafta ne ko riƙon amana. Ban ce tsoronsu ba shi da tushe ba, ni ma uwa ce. Sai dai abin da na gani a tarihin Faransa shi ne ƙyamar ba ta tsare matan daga komai ba. Hannun masu kuɗi kawai ta tura su, ba mai tsaya musu.

Wurin da ya fi zauna mini a rai shi ne Odéon, a ƙetaren kogi, dab da lambun Luxembourg. Gini ne mai ginshiƙai takwas a gaba, yana fuskantar wani fili mai siffar rabin da'ira, an buɗe shi tun 1782. A nan Sarah ta sake ɗaura ɗamara a 1866, tana da ɗa namiji, Maurice, wanda ta haifa a 1864 ba tare da aure ba. Wannan ba abin yabo ba ne a wurina, kuma na faɗa wa yarinyar haka. Amma ta riƙe ɗanta a bainar jama'a ta ba shi sunanta, a lokacin da irinta ke kai nasu ƙauye su ɓoye. Ɗaliban unguwar ne suka fara son wasanta, su ne masu cika kujerun sama masu araha. A 1869 ta fito a matsayin wani saurayi mawaƙi cikin wani gajeren wasa, daga nan sunanta ya fara zaga gari.

Sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prusiya, babbar masarautar Jamusawa, a 1870. Daga Satumba har ƙarshen Janairun 1871 sojojin Jamusawa sun yi wa Paris ƙawanya, ba shiga ba fita. Yunwa ta kai mutanen birni ga cin dawaki da karnuka da ɓeraye, har giwayen gidan namun daji aka yanka. Aka rufe gidajen wasa. Sarah ta fitar da ɗanta da danginta daga birnin, ita ta zauna, ta nemi izini ta mai da Odéon asibitin sojoji. An jera gado 32, kuma kafin a ɗage ƙawanyar an yi jinyar sama da mutum 150 a ciki. Ta bi duk wani mai hali da ta sani tana roƙon abinci da barguna da makamashi. A yadda ta bayar da labari, da sanyi ya tsananta gawayi ya ƙare, sai aka shiga farfasa bencina da tsofaffin katakan adon dandamali ana hura wuta. Da aka fara ruwan harsasan igwa a wannan ɓangaren birni, aka sauko da majinyatan ƙarƙashin ginin. Da hannunta take ɗaure raunuka, tana kwana a kan masu cutar ajali. Shekararta 26.

Mun daɗe zaune a matakalar gidan, ɗalibai na wucewa a kan kekuna. A ganina a nan ne ta gane tana iya tafiyar da mutane da kaya da kuɗi, ba sai wani ya tsaya a kanta ba. Wadda ta ciyar da majinyata a birnin da babu abinci, riƙe ƙungiyar 'yan wasa ba zai gagare ta ba.

Bayan yaƙi abubuwa suka zo mata da sauri. A 1872 ta fito a matsayin sarauniyar Sifen cikin wasan Victor Hugo, Ruy Blas, kuma Hugo ne ake jingina wa laƙabin da ya bi ta har kabari, mai muryar zinariya. A shekarar nan gidan da ya kore ta ya sake kiranta. A 1874 ta yi Phèdre, matsayin da ake auna kowace babbar 'yar wasan Faransa da shi. A 1879 ƙungiyar ta je Landan, Ingilishi suka nuna a fili ita suka zo gani. A 1880 ta ajiye aiki, gidan ya kai ta kotu, aka ci ta tarar faran 100,000. Mutane suka ce ta kashe kanta, domin ba a barin wannan gida a ci gaba. Ita kuwa ta haɗa ƙungiyarta ta hau jirgin ruwa zuwa Amurka, ta yi wasa sama da 150 a birane kusan 50, ta dawo da dala 194,000 na zinariya a cikin akwati. Ba ta yarda da alkawarin baki, sai an ƙirga mata kuɗinta a hannu. Sau tara ta zaga Amurka a rayuwarta, ta je Rasha da Masar da Birazil da Ostireliya. A 1906, da masu gidajen wasan da suka mamaye harkar a Amurka suka gindaya mata sharuɗɗa ta ƙi, suka rufe mata ƙofofinsu, sai ta sa aka kafa ƙatuwar tanti a Texas ta yi wasanta a ciki.

Duk inda ta je da Faransanci take wasa, a gaban mutanen da yawancinsu ba sa jin ko kalma ɗaya. Yarinyar ta ce ita ba ta ga yadda za a yi mutum ya biya kuɗi ya zauna awa uku bai san me ake cewa ba. Na ce mata ta tambayi babanta yadda muka tashi muna kallon finafinan Indiya babu fassara, muna kuka inda ake kuka, har mu ba da labarin fim daga farko zuwa ƙarshe. Idan ɗan wasa ya iya, murya da fuska da tafiya sun isa su kai saƙo.

Washegari muka je dandalin Châtelet a tsakiyar birni, inda manyan gidajen wasa biyu ke fuskantar juna a bakin kogi. Na gabas shi ne nata. Kafin shi ta riƙe gidan Renaissance daga 1893 zuwa 1899, kuma a can ta yi gyare-gyaren da har yanzu ake cin moriyarsu. Ta daina hayar 'yan tafi, wato mutanen da ake biya su zauna cikin 'yan kallo suna tafa wa jarumai. Ta kafa doka kowace mace ta cire ƙatuwar hularta lokacin wasa, komai kuɗinta, don na baya su gani. A ƙarshen 1894 ta ga fastar da wani baƙon mai zane da ba a san shi ba, Alphonse Mucha, ya yi mata, nan take ta ba shi kwantiragin shekara shida. Waɗannan dogayen fastoci su ne ake sayarwa yau a kan katin gaisuwa a duk lungun Paris.

A 1899 ta karɓi hayar wannan gida na Châtelet, mai kujeru kusan 1,700, daga hannun hukumar birni, ta sa masa sunanta. Ita ke zaɓen wasa, ita ke ɗaukar ma'aikata, ita ke duba ɗinki da fitilu, ita ke biyan albashi, sannan da dare ta hau dandamali. A shekarar ta fito a matsayin Hamlet tana da shekara 54, a 1900 kuma ta fito a matsayin ɗan Napoleon na 1, saurayin da ya mutu yana ɗan shekara 21, cikin wasan Edmond Rostand. Dalilinta na ɗaukar matsayin maza a fili yake: marubuta ba su tanadar wa mace mai shekarunta matsayi mai nauyi ba. Lokacin da aka yi wa Kyaftin Dreyfus, Bayahuden hafsan soja, ƙazafin cin amanar ƙasa, ta tsaya bayan marubuci Émile Zola mai kare shi, har ta ɓata da ɗanta Maurice na wani lokaci. Da Jamusawa suka mamaye Paris a yaƙin duniya na biyu, an kankare sunanta daga ginin saboda jininta na Yahudawa. A ƙarshen shekarun 1960 aka rushe cikin gidan aka zuba matakalan kankare, don haka zauren da ta ƙawata da ruwan ɗorawa babu shi. A 2023, shekara ɗari da rasuwarta, aka sake buɗe gidan bayan dogon gyara da sunanta a jiki.

Da dare a gida muka zauna gaban kwamfuta don mu gan ta tana motsi. Fitowarta ta farko a fim a 1900 ce, a babban baje-kolin duniya na Paris: wasan takobi na Hamlet, kimanin minti biyu, ana kunna sauti daban a garmaho. Wanda muka kalla shi ne na 1912, inda ta fito a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Ingila. Kyamarar a kafe take wuri ɗaya ba ta motsi, ba ta matsowa kusa da fuska. Sarah tana da shekara 67, tana takawa a hankali tana dafa kujeru, tana ɗaga hannuwa sama irin na mai son na can bayan zaure ya gani. Bakinta na motsi, ba ka jin komai, sai rubutu ya fito ya gaya maka abin da ke faruwa. A ƙarshe sarauniya ta faɗi ta mutu a kan tulin matashin kai, sannan Sarah ta tashi ta rusuna wa 'yan kallon da ba sa nan. Yarinyar ta juyo ta ce, "Gwaggo, wannan ce duniya ta yi ta yayi?"

Raina ya sosu, domin tambayar tana kan hanya. Abin da ya sa mutane ke kwana a layin tikiti muryarta ce, kuma ita ce fim na wancan lokaci ba ya iya ɗauka. Mun nemo tsofaffin faya-fayan da aka naɗi muryarta a farkon ƙarni na 20. Tun a 1880 ma ta ziyarci Thomas Edison ta yi magana a na'urarsa ta naɗar murya. Cikin ƙarar allura kana jin wata murya mai rawa, mai sauri, tana rera baitoci kusan kamar waƙa. Ɗan abin da ya rage ke nan. Hoton yana gefe guda, muryar tana gefe guda, kuma dukansu na tsufanta ne.

Duk da haka wannan fim ɗin ya yi wa silima abin da bai yi wa Sarah ba. Wani ɗan kasuwa a New York, Adolph Zukor, ya zuba kuɗi ya sayi haƙƙin nuna shi a Amurka. A lokacin yawancin finafinai ba sa wuce minti goma zuwa sha biyar, kuma talakawa ke kallonsu a ƙananan shaguna. Shi kuwa ya nuna wannan, mai tsawon sama da minti 40, a gidan wasa na Lyceum a Yulin 1912, manyan gari suka sa kayan fita suka zo saboda sunan Sarah. Ribar da ya samu ita ta ɗaga kamfaninsa, Famous Players, wanda daga baya ya zama Paramount. Da mace mafi suna a dandamalin duniya ta yarda ta tsaya gaban kyamara, sauran manyan 'yan wasa sun rasa hujjar raina sana'ar.

Tafiyar da na fi ɗoki ita ce ta tsibiri. Mun hau jirgin ƙasa mai gudu daga tashar Montparnasse, kimanin awa uku zuwa Auray, daga nan bas ya bi da mu ta wani siririn zirin ƙasa, teku dama teku hagu, har Quiberon. Jirgin ruwa kuma minti 45 zuwa Le Palais, babban garin Belle-Île, inda ganuwar Vauban ke tsaye a kan tashar jiragen. Abinci bai ba mu wahala ba, domin ƙasar masunta ce: gasasshen kifin sadin da burodi da man shanu mai gishiri. Abin da ya ba ni mamaki tsawon yini. Ƙarfe goma na dare ya yi rana ba ta gama faɗuwa ba, sai da muka riƙa duba waya kafin mu san lokacin Magariba.

Da safe muka bi ta Sauzon, ƙaramin gari mai gidaje kala-kala a bakin ruwa, muka nufi Pointe des Poulains, ƙarshen tsibirin ta arewa maso yamma. Babu bishiya ko ɗaya, sai gajeren haki da ƙaya mai furen rawaya, da baƙaƙen duwatsu da igiyar ruwa ke duka ba dare ba rana. Iskar wurin sai da na ƙara ɗaure mayafina da kyau. Can gaba akwai farar hasumiyar fitila a kan wani ɗan tsibiri da ba a isa gare shi da ƙafa sai ruwa ya janye. A 1894 Sarah ta zo yawo nan tare da Clairin, ta ga wani tsohon sansanin soja da aka sa a kasuwa, ta saya. Gini ne gajere mai kaurin bango, babu wani ado a jikinsa. Ta sa aka fasa manyan tagogi don haske ya shiga. Da baƙi suka yi yawa ta gina wasu gidaje a gefe, ɗaya ta sa wa ɗakunansa sunayen nahiyoyin duniya, ɗaya kuma ta sa masa sunan jikarta Lysiane. Daga baya ta sayi wani babban gida a kusa, wanda aka rushe a 1944. Yanzu hukumar kare gaɓar teku ta Faransa ke da wurin, an mai da sansanin da ɗaya daga gidajen wurin tarihi.

A ciki an shirya ɗakunan yadda suke a zamaninta, teburin cin abinci da kujeru da ɗakin kwana. Ƙanƙantar wurin ce ta ba ni mamaki, idan aka tuna wadda ta zauna a ciki ta yi wasa gaban sarakunan Turai. Kusan shekara talatin tana zuwa nan hutun bazara da ɗanta da jikokinta da abokai. Ko a hutun ba ta zauna ba: tana sassaƙa, don ta iya sassaƙar mutum-mutumi har ana baje kolin aikinta, tana haddar sabon wasa, tana kamun jatan lande a cikin duwatsu. Har wani ɗan fim aka ɗauka a nan na zamanta na yau da kullum. Mutanen tsibirin kuma suna tuna ta da wani abu dabam. Da masunta suka shiga matsi, ta tara kuɗi ta taimaka aka kafa gidan burodi na haɗin gwiwa don talaka ya samu na sawa a baki da sanyi.

Hanyoyin wurin duk hawa da gangara ne a kan dutse, kuma ina takawa ina tunanin gwiwarta. A 1905 a Rio de Janeiro, a ƙarshen wasan La Tosca, inda take faɗowa daga saman katanga, ta dira a kan katako babu katifar da aka saba shimfiɗawa. Gwiwar dama, wadda dama tana damunta, ba ta sake warkewa ba. Shekara goma ta yi tana wasa cikin azaba, ana shirya kujeru da tebura a dandamali yadda za ta samu abin dafawa, abin da muka gani a fim ɗin nan ke nan. A Fabrairun 1915, tana da shekara 70, ita da kanta ta matsa wa likitoci aka yanke ƙafar daga cinya a Bordeaux. Ƙafar katako ba ta karɓe ta ba, sai ta sa aka ƙera mata kujera mai sanduna biyu, mutum biyu na ɗaukarta. A haka ta je kusa da fagen daga a 1916 ta yi wa sojoji wasa, a haka ta sake ƙetara teku ta zaga Amurka har 1918, a haka ta yi wasu finafinan tana zaune ko tana jingine.

Ana yawan kawo wannan a matsayin jarumta, kuma jarumta ce. Amma akwai bashi a ciki. Duk dukiyar da ta tara ta bi ruwa: gidaje, tufafi, ma'aikata, wasannin da suka faɗi, da ɗan da ya saba da caca tana biya masa. Ta iya neman kuɗi fiye da kowace 'yar wasa a zamaninta, ba ta iya ajiye su ba. Na faɗa wa yarinyar wannan muna zaune a kan dutse muna kallon hasumiyar, don kada ta ɗauki rabin labari. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Amma Gwaggo, ko ba bashi ai da wuya ta zauna." Ina ganin ta yi gaskiya.

A 1922 Sarah ta sayar da duk abin da ta mallaka a tsibirin, duk da ta so a binne ta a can. Da muka koma Paris mun je maƙabartar Père Lachaise, muka sha hawa kafin mu samu kabarin a sashe na 44. Dutse ne mara yawan ado, da sunanta da shekarunta, ga 'yan furanni da wasu suka ajiye. Ƙasar da ta taɓa hana 'yan wasa kabari ta ba ta lambar girma ta Légion d'honneur a 1914, kuma ranar jana'izarta dubban mutane suka cika tituna, ayarin ya tsaya a ƙofar gidan wasanta na Châtelet kafin ya wuce.

A makonninta na ƙarshe ciwon ƙoda ya hana ta fita, amma ta karɓi aikin wani sabon fim inda za ta fito a matsayin mai duba. Sai aka kwaso kyamara da fitilu da kayan ado aka kafa a cikin gidanta da ke titin Pereire, ana ɗaukarta tana zaune a bayan tebur. Ana cikin aikin ta yanke jiki ta faɗi, ta rasu ranar 26 ga Maris, 1923, tana da shekara 78. Ragowar fitowarta wata 'yar wasa ce ta ƙarasa, ana ɗaukarta ta baya.